Karatun Walwalar Jama'a a Jami'a da Binciken Shekarar Ƙarshe



Duk shekara idan sakamakon WASSCE ya fito, kwas huɗu ko biyar ne ke yawo a bakin mutane a gidajen Zango: likita, nas, lauya, injiniya, sai kuma akanta. Akwai wani kwas da ba kasafai ake jin sunansa ba, alhali babu unguwar da aikinsa bai taɓa ba, tun daga Aboabo da Asawase a nan Kumasi har Nima da Madina a Akra. Shi ne karatun aikin walwalar jama'a, wato aikin mutanen da muka saba kira 'yan welfiya.

Da yawa daga cikinmu ba su san cewa sai an yi shekara huɗu a jami'a ake samun digirin wannan aiki ba. Wasu na ɗauka rabon sadaka ne, duk mai tausayi zai iya. Wasu kuma ba su san ƙofar ofishin ba sai ranar da rigimar ciyar da yara ta kai su can. To, tausayi kaɗai ba ya isa a wannan aiki. Koyon sa ake yi kamar yadda ake koyon aikin asibiti, kuma babban abin da ya raba mai digiri da mai kyakkyawar niyya shi ne iya bincike, wato ya san yadda zai gano ainihin abin da ke damun mutane kafin ya ce ga magani.

Me ɗan welfiya yake yi?

A kowace asambile ta ƙasar Gana akwai ofishin walwalar jama'a da raya al'umma. A ce mace ta zo da yara uku, mahaifinsu ya daina kawo kuɗin cefane da na makaranta. Ma'aikacin zai kira su biyun, ya ji ta bakin kowa, ya nemi a daidaita a rubuta. Idan abin ya ƙi, sai a wuce kotun iyali. Dokar Yara ta 1998, mai lamba 560, ta ce dole a sami jami'in walwala cikin waɗanda ke zama a wannan kotu. Dokar ce kuma ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma a duk hukuncin da ya shafe shi maslaharsa ake sawa a gaba.

A ce kuma an kama yaro ɗan shekara 14 da satar waya. Dokar shari'ar ƙananan yara ta 2003, mai lamba 653, ta tanadi a rubuta wa kotu rahoto a kan gidan su yaron, makarantarsa da abokan da yake bi, kafin a yanke abin da za a yi da shi. Jami'in walwala ne ke zuwa gidan, ya zauna da iyaye, ya rubuta. Kun ga kenan alƙalaminsa na iya sa a mayar da yaro hannun danginsa, yana kuma iya sa a kai shi gidan gyaran hali.

A manyan asibitoci akwai su, suna duba marasa lafiyar da dangi suka watsar ko waɗanda kuɗin magani ya gagara. Suna cikin masu tafiyar da shirin LEAP da gwamnati ta fara a 2008, wanda ke biyan gidaje masu tsananin talauci kuɗi duk wata biyu, musamman masu riƙon marayu, tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama da ba su da mai taimako, da masu naƙasa mai tsanani. Duk waɗannan ayyuka abu ɗaya suke buƙata: mutum ya iya tambaya, ya iya saurare, ya iya rubuta gaskiyar abin da ya gani.

Da bincike aikin ya fara

A ƙarni na 19, masu kuɗi da yawa a Landan sun yi imani cewa lalaci da shan giya ne ke jawo talauci. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Charles Booth, ya ce bari a ƙirga a gani. Daga 1886 shi da mataimakansa suka bi birnin titi-titi, suka zana taswira mai launi-launi da ke nuna halin kowane layi. Sun gano kusan mutum 30 cikin 100 na zaune cikin talauci, kuma akasarinsu ƙarancin albashi, aikin da ba ya ɗorewa, ciwo da tsufa ne suka jefa su ciki. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka sa aka yi dokar fanshon tsofaffi a Birtaniya a 1908.

A Amurka kuma Jane Addams ta buɗe Hull House a Chicago a 1889, ta zauna cikin unguwar baƙin haure matalauta, ita da abokan aikinta suna taimako suna kuma tattara bayanai a kan haya, albashi da aikin yara. A 1917 Mary Richmond ta fitar da littafin Social Diagnosis, wanda ya koyar da yadda ake bin diddigin matsalar iyali daki-daki. A nan gida, tun shekarun 1940, zamanin Turawan mulkin mallaka, aka kafa sashen walwalar jama'a. Gana ce kuma ƙasar da ta fara amincewa da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara, a 1990.

Yadda karatun yake a Gana

Ana yin digirin a Jami'ar Gana da ke Legon, ana kuma yin sa a KNUST a nan Kumasi. Akwai kuma Makarantar Aikin Walwala da ke Osu a Akra, wadda ta daɗe tana horar da ma'aikatan gwamnati. Abin da jami'o'i ke nema shi ne C6 ko abin da ya fi a darussa shida na WASSCE: uku na dole, ciki har da Turanci da lissafi, da uku na zaɓi. Wanda ya kai shekara 25 yana iya shiga ta hanyar jarrabawar manya. Wannan labari ne mai daɗi ga yayyenmu da suka bar karatu suka shiga kasuwa.

A shekarun farko ana koyon tushe: yadda ɗan Adam ke girma tun daga goyo har tsufa, yadda iyali da al'umma suke, ilimin halayyar ɗan Adam, da tarihin aikin. Daga nan a shiga hanyoyin aikin guda uku, wato aiki da mutum ɗaya ko iyali ɗaya, aiki da rukuni kamar matan da mazansu suka rasu, da aiki da unguwa baki ɗaya. Ana karanta dokoki, irin su dokar hana fataucin mutane ta 2005, dokar masu naƙasa ta 2006, dokar hana cin zarafi a gida ta 2007 da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012. Ana koyon lissafin ƙididdiga da dabarun bincike. Sannan ba a gamawa sai an fita aikin gwaji: a tura ɗalibi ofishin welfiya, asibiti, gidan yara ko wata ƙungiya, ya yi aiki a ƙarƙashin wanda ya ƙware, ana duba shi ana ba shi maki.

Mece ce onas?

Za ku riƙa jin kalmar onas, kuma ma'anarta ta danganta da ƙasa. A Gana tana tafiya ne da darajar digiri: daraja ta ɗaya, ta biyu babba, ta biyu ƙarama, da sauransu. A Legon sai matsakaicin makin ɗalibi ya kai 3.60 cikin 4.00 yake samun daraja ta ɗaya, a KNUST kuma sai ya kai 70 cikin 100. A ƙasashe irin su Ostireliya da Afirka ta Kudu kuwa, kalmar na nufin matakin karatu da aka gina a kan bincike, inda ɗalibi ke ɗaukar tambaya ɗaya ya yi watanni a kanta tare da malami mai duba aikinsa, ya rubuta kundi.

Mu ma muna da makamancin wannan, shi ne dogon rubutu ko furojet na shekara ta huɗu. Kowane sashe da ƙa'idarsa a kan wanda zai yi da yadda zai yi, don haka ɗalibi ya karanta littafin ƙa'idojin sashensa tun yana shekarar farko. Wasu ɗalibai kallon wahala suke yi wa wannan kundi, su kwafo na wani su canza suna. Wannan sata ce, jami'a na hukunta mai yin ta, kuma mai yin ta ya cuci kansa, domin a nan ne kaɗai cikin shekara huɗun ake ba shi dama ya kawo ilimin da babu shi a da.

Yadda ake binciken, mataki-mataki

Bari mu ɗauki abin da kowa ya sani a Zango, wato riƙo. Yarinya ta taso a hannun gwaggonta ko kakarta, ko an kawo ta daga arewa wajen wata Hajiya a Kumasi. Wasu riƙon ya zame musu alheri, sun yi karatu, an aurar da su da mutunci. Wasu kuma talla da wanke-wanke suka cinye musu makaranta. Kowa na da labarin da zai bayar, amma labari ɗaya ko biyu ba su isa a yanke hukunci ba. Ido ba mudu ba ne. Ya san kima, amma a wannan aiki mudun ake so.

Mataki na farko shi ne tsayar da tambaya. "Matsalar riƙo a Gana" ta yi faɗi, ko shekara goma ba za ta ƙare ba. Amma a ce: "Me ke sa wasu 'yan mata da ke hannun riƙo a unguwa kaza suke gama ƙaramar sakandare, wasu kuma suke bari?" Wannan tambaya ce da ɗalibi ɗaya zai iya bi a cikin shekara ɗaya.

Na biyu, karanta abin da aka riga aka rubuta. A nan ɗalibi zai tarar ba shi ne farau ba. Esther Goody ta yi nazarin riƙo a ƙasar Gonja, littafinta ya fito a 1982. A ƙasar Romaniya kuma, daga shekarar 2000, masu bincike sun bi yara 136 da ke gidajen marayu a Bukares. Aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, aka riƙa gwada su shekara da shekaru. Waɗanda aka kai cikin iyali, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi samun ci gaban ƙwaƙwalwa da shaƙuwa da masu renonsu. Irin wannan sakamako ya ƙarfafa ra'ayin cewa yaro ya fi dacewa da gida a kan gidan marayu. To kun ga al'adarmu ta riƙo tana da abin da duniya ke nema. Tambayar ita ce wane irin riƙo ne ke amfanar yaro.

Na uku, zaɓen hanya. Akwai hanyar ƙirga: a raba takardar tambayoyi ga mutane da yawa, a fitar da adadi. Akwai hanyar zurfafa hira: a zauna da mutane kaɗan, a ce mata 20 da suka taso a riƙo da masu riƙo 10, a bar su su yi magana son ransu. Ta farko tana gaya maka yawan abu, ta biyu tana gaya maka dalilinsa. Wasu na haɗa biyun. A kowace hanya dole a kula da waɗanda aka zaɓa. In ɗalibi ya tsaya a kan ƙawayen yayarsa da suka yi karatu, zai ce riƙo ba shi da aibi. In kuma ya tsaya a kan waɗanda suka kai ƙara ofishin welfiya, zai ce riƙo duk zalunci ne. Duka biyun bai faɗi gaskiya ba.

Na huɗu, tattara bayanai da tace su. Hirar awa ɗaya tana iya cin yini guda wajen rubuta ta kalma-kalma, in da Hausa aka yi kuma a juya ta zuwa Turanci. Sai a karanta a sake karantawa, ana ware maganganun da ke maimaituwa: wa ke biyan kuɗin littafi, ƙarfe nawa ake fita talla, ko iyayen asali na leƙowa, ko 'ya'yan gidan su ma suna aikin. Daga nan ne amsa ke fitowa, wani lokaci ma amsar da ɗalibin bai zata ba. In ta saɓa wa ra'ayinsa, ita zai rubuta.

Na biyar, rubutawa. Yawanci babi biyar ne: gabatarwa, abin da magabata suka rubuta, hanyar da aka bi, abin da aka samu, sai tattaunawa da shawarwari. Kundi mai kyau yana faɗin iyakarsa. Wanda ya yi hira da mutum 30 a unguwa ɗaya ba zai ce haka abin yake a duk Zangunan Gana ba.

Maganar amana

Mutane ake bincike a kansu, don haka akwai ƙa'idoji masu tsauri. Ba haka kawai aka kafa su ba. A garin Tuskegee na Amurka, daga 1932 zuwa 1972, an bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani, ba a kuma gaya musu gaskiyar ciwonsu ba, don kawai a ga yadda ciwon ke ƙarewa. Bayan asirin ya tonu ne aka tsaurara dokokin bincike.

Yau ɗalibi ba ya fita fili sai an duba tsarin aikinsa an amince. Dole ya yi wa mutum bayani da harshen da yake ji: ga abin da nake nema, ga inda maganarka za ta je, kana da ikon ƙin amsawa, kana da ikon tashi a tsakiyar hira. In yaro ne, sai da iznin mai kula da shi da kuma yardar yaron. Ana sakaya suna da duk abin da zai sa a gane mutum. Ba a yi wa kowa alkawarin kuɗi ko sa shi cikin LEAP don ya yi magana. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843. Iyaka ɗaya ce ga riƙon sirri: in mai bincike ya gano ana cutar da yaro, wajibi ne ya kai maganar inda za a kare shi, kuma tun kafin a fara hira yake sanar da haka.

Me ya sa 'ya'yan Zango?

Littattafan da aka fi ambata a jami'o'i a kan rayuwarmu, baƙi ne suka rubuta. Enid Schildkrout, Ba'amurkiya, ta zauna a Zangon Kumasi ta rubuta People of the Zongo a 1978. Deborah Pellow ta rubuta Landlords and Lodgers a kan Sabon Zango na Akra a 2002. Sun yi aiki mai kyau, sun cancanci godiya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohuwar da za ta ce wa baƙo "lafiya lau" ta yi shiru, ita ce za ta buɗe ciki ga yarinyar da ta durƙusa ta gaishe ta da Hausa, ta san ba a tambayar bazawara wasu abubuwa a gaban surukai. Mai fassara kuma, komai ƙwarewarsa, wani abu na zubewa a hanya. Kalmar kunya kaɗai, da wace kalmar Turanci ɗaya za ka juya ta?

Tambayoyin ma suna nan jibge. Ga 'yan kayaye da ke dakon kaya a Kejetia, waɗanda rabin sunansu ma Hausa ne, wato kaya, sauran kuma daga harshen Ga. Dokar Yara ta sa ɗaukar kaya masu nauyi cikin ayyuka masu haɗari da aka hana wanda bai kai 18 ba, amma ga su nan muna gani kullum. Ga samarin da turamadol ya kama. Ga tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi ci-rani. Marigayiya Farfesa Nana Araba Apt ta Legon ta rubuta littafi a 1996 a kan yadda tsufa ke canzawa a Afirka. Wa zai duba mana yadda abin yake a gidajen haya na Zango? A 2017 an yi dokar Asusun Raya Zango. Duk lokacin da za a kashe kuɗi irin wannan, wanda ya zo da hujja a rubuce shi ake saurara.

Sai dai ɗan gida ma yana da nasa tarkon. Abin da ka saba gani tun kana yaro, idonka na iya tsallake shi. Kana iya jin nauyin rubuta abin da zai taɓa wani babba. Mutane kuma na iya ɓoye maka magana don tsoron kada ta koma gidanku. Shi ya sa ake son ɗalibi ya bayyana alaƙarsa da wurin a cikin kundinsa, ya riƙa nuna wa malaminsa abin da ya samo, wani lokaci ma ya zaɓi Zangon da ba nasu ba.

Bayan digiri

Bayan shekarar bautar ƙasa, ana samun aiki a ofisoshin walwala, asibitoci, gidajen yari, makarantu da ƙungiyoyin agaji na gida da na waje. Wanda kundinsa ya yi kyau ya sami tsani zuwa digiri na biyu, domin masu ba da gurbi da tallafin karatu suna son ganin ɗalibi ya taɓa yin bincike da kansa. A faɗi gaskiya, ba aikin tara dukiya ba ne, kuma yana da nauyi a zuciya, don kullum cikin damuwar mutane kake. Wanda ke neman kuɗi da sauri ya duba wani layin.

Ga wanda ya ji abin ya kwanta masa, shiri tun yanzu ne. Ka riƙe Turanci da lissafi, kada ka ce kai ɗan adabi ne ba ruwanka da lamba, ƙididdiga na jiran ka a jami'a. Ki koyi rubuta Hausa da kyau, ki ƙara da Tuwi ko Dagbani in da hali. A saba da zama da tsofaffi ana sauraro ba tare da katse su ba, a kuma saba da riƙe sirri. Haƙurin da muka koya a gaban allo, na maimaita abu har ya zauna, shi ne dai haƙurin da bincike ke so.

Iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi, in ɗanku ko 'yarku ta ce wannan kwas take so, kada a ce mata ta rasa abin karantawa ne. Ranar da rahoton wani jikanku zai je gaban kotu, za ku so a ce wanda ya rubuta shi ya ji abin da kuka faɗa da harshenku, ya kuma iya aikinsa.